Ƙarfin Jan Duniya: Daga Rijiyoyin Kurfey Zuwa Falakin Wata

Ƙarfin ja, wanda aka fi sani da ƙarfin jan duniya, shi ne janyo juna da ke tsakanin kowane abu biyu masu jiki. Shi ke dawo da dutsen da aka jefa sama, shi ke gangarar da ruwan damina daga tudu zuwa kwari, shi kuma ke riƙe da wata a kewayen duniya, da duniya a kewayen rana. Yana cikin ƙarfi huɗu da masana kimiyya suka gano cewa su ne tushen duk wani motsi a halitta. Sauran ukun su ne ƙarfin lantarki da maganaɗisu, da wasu biyu da ke aiki a can cikin cibiyar ƙwayar zarra. Duk cikinsu shi ne mafi rauni, amma manyan abubuwa a hannunsa suke, saboda halaye uku: yana kama kowane abu, ja kawai yake yi ba ya turawa, kuma ba a san wani abin da ke iya tare shi ba.

Yadda abu ke faɗuwa

Abin da aka saki daga sama ba ya faɗuwa da gudu ɗaya. A doron duniya, gudunsa na ƙaruwa da kimanin mita 9.8 a sakan, cikin kowane sakan da ya wuce. Tsakuwar da aka saki a bakin rijiya takan ci mita 4.9 a sakan na farko, ta kai mita 19.6 a ƙarshen na biyu, ta kai mita 44 a ƙarshen na uku. Wato idan lokaci ya ninka biyu, nisa ya ninka huɗu. A ƙasar Kurfey ta Nijar ana iya jin wannan da kunne. Rijiyar lambu da ke cikin kwarin Dallol Boso, inda ruwa ke kusa, tana amsawa cikin sakan ɗaya ko makamancin haka, alhali rijiyar kan tudu mai zurfin mita 40 sai an jira kusan sakan uku, har da ɗan lokacin da amo ke ɗauka kafin ya hauro.

Tambayar da ta daɗe tana ruɗa mutane ita ce ko abu mai nauyi ya fi mara nauyi saurin faɗuwa. Aristotil, malamin Girka, ya ce haka ne, kuma maganarsa ta yi kusan shekara 2,000 ana karantar da ita. Ido ma kamar yana goyon bayansa. A wurin sheƙa, mace takan ɗaga ƙwarya sama da kafaɗarta ta riƙa tsiyayo gero: tsaba na zuba kai tsaye a ƙwaryar da ke gabanta, ƙaiƙayi kuwa na yawo a iska kafin ya sauka can gefe. Sai dai iska ce ta raba su. Ƙaiƙayi na da faɗi ba shi da kauri, saboda haka iska ke samun inda za ta tokare shi. Wannan tokarewar ce ke sa manyan ɗigon ruwan sama ba sa wuce gudun mita 9 a sakan, alhali da babu iska, ɗigon da ya taso daga nisan kilomita 2 zai iso da gudun kusan mita 200 a sakan. Ita ce kuma ke barin ƙurar hunturu ta yi kwanaki a sama.

Galileo, masanin Italiya, ya gwada lamarin ta hanyar mirgino ƙwallaye a kan katako mai gangare yana auna lokaci, ya kuma bayyana a littafinsa na 1638 cewa idan aka kawar da tokarewar iska, duk abubuwa tare suke faɗuwa. A 1971, ɗan sama jannatin Amurka David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata, inda babu iska, suka taɓa ƙasa lokaci guda. Dalili shi ne, duk da cewa duniya ta fi jan abu mai yawan jiki, shi ma abin ya fi wuyar motsarwa daidai wannan gwargwado, sai ƙari da ragi suka cinye juna.

A nan ne ake rarrabe abu biyu da ake yawan haɗawa. Na farko shi ne yawan abin da jiki ya ƙunsa, wanda masana ke kira mas, ana auna shi da kilo, kuma ba ya canzawa duk inda aka kai abin. Na biyu shi ne nauyi, wato ƙarfin da duniya ke jan abin da shi, ana auna shi da ma'aunin niyuton. Buhun gero mai kilo 100 a kasuwar Filinge, a ƙasar Kurfey, yana da nauyin niyuton 978. Da za a kai shi wata, geron bai ragu da ko ƙwaya ɗaya ba, amma nauyinsa zai koma kashi ɗaya cikin shida, har yaro ya iya ɗaga shi.

Dokar Newton

Tunanin cewa duniya na jan abubuwa ya girmi kimiyyar zamani. Brahmagupta na Indiya ya rubuta a shekarar 628 cewa janyo abubuwa ɗabi'ar ƙasa ce, kuma al-Biruni ya kawo wannan magana cikin littafinsa kan Indiya. Al-Khazini, a littafinsa Mizanul Hikima na wajen 1121, ya tattauna yadda nauyin abu ke da alaƙa da nisansa daga tsakiyar duniya. Abin da ya rage shi ne lissafi, da kuma gane cewa doka ɗaya ce ke aiki a ƙasa da sama. Isaac Newton na Ingila ne ya kawo su a littafinsa na 1687.

Dokar tana cewa kowane abu biyu na jan juna, kuma ƙarfin jan ya dogara ga mas ɗinsu da nisan da ke tsakanin cibiyoyinsu. Idan mas ɗin ɗaya ya ninka biyu, ja ya ninka biyu. Idan nisa ya ninka biyu, ja ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Idan ya ninka goma, ya koma ɗaya cikin ɗari. Yana ta raguwa, amma ba ya ƙarewa. Jan kuma na ɓangare biyu ne: da ƙarfin da duniya ke jan mangwaro, da shi mangwaron ke jan duniya, sai dai girmanta ya hana a ga motsinta.

Newton ya gwada dokar a kan wata. Daga doron duniya zuwa tsakiyarta kilomita 6,371 ne, wata kuwa yana nisan kilomita 384,400, wato ninki 60. Idan dokar gaskiya ce, jan duniya a can zai zama kashi ɗaya cikin 3,600, domin 60 sau 60 ke nan. Tsakuwar da ke faɗuwa mita 4.9 a sakan na farko a nan, a can milimita 1.4 kawai za ta faɗa. Da aka lissafa yadda hanyar wata ke lanƙwasa zuwa ga duniya a kowane sakan, sai aka sami wannan adadin. Ashe wata faɗuwa yake yi kullum, amma yana gudun kusan kilomita ɗaya a sakan ta gefe, shi ya sa yake kewayawa bai taɓa isowa ba. Da wannan doka aka fahimci dalilin ƙa'idojin tafiyar duniyoyi da Johannes Kepler ya fitar a 1609 da 1619. Da ita Edmond Halley ya faɗi cewa wani tauraro mai wutsiya zai dawo wajen 1758, ya kuwa dawo. A 1846, Urbain Le Verrier na Faransa ya lura da karkacewar tafiyar duniyar Yuranus, ya lissafa inda abin da ke jan ta yake, aka duba daga birnin Balin aka ga duniyar Naftun.

Raunin ja da ƙarfinsa

Tun da kowane abu na jan kowane abu, ana iya tambayar abin da ya hana a ga tukwane na matsowa kusa da juna. Amsar tana ga raunin ƙarfin. A 1798, Henry Cavendish ya rataye sanda mai ƙananan ƙwallayen dalma biyu da siririyar waya, ya kawo manyan ƙwallaye masu kilo 158 kusa da su, ya auna ɗan murɗawar da wayar ta yi. Daga irin wannan awo aka san cewa abu biyu masu kilo ɗaya ɗaya, da tazarar mita ɗaya, suna jan juna da niyuton 0.0000000000667. Bijimai biyu irin na Azawak da ake kiwo a Tukunus, arewa da Filinge, kowane mai kilo 400, idan suka tsaya mita biyu tsakani, jan da ke tsakaninsu bai kai nauyin ƙwayar gero ɗaya ba, ko kusa. Awon Cavendish ne kuma ya ba da damar sanin mas ɗin duniya: kilo 6 da sifiri 24 a bayansa.

Ɗan guntun maganaɗisu na lasifikar rediyo yana ɗaga ƙusa daga ƙasa, ya rinjayi jan duniya baki ɗayanta. To amma maganaɗisu ƙarfe da ƴan wasu ma'adinai kawai yake kamawa, yana da baki biyu, mabambanta na jan juna masu kama na tura juna, kuma ana iya kange shi. Lantarki ma iri biyu ne, kuma a cikin kowane babban abu iri biyun sun yi daidai, sun kashe ƙarfin juna. Ƙarfin ja ba shi da kishiya. Duk ƙwayar yashin da aka ƙara, ja ya ƙaru, har ya taru ya zama abin da ke sarrafa duniyoyi da taurari.

Shi ya dunƙule duniya ta zama kamar ƙwallo, domin kowane sashe nata ana jan sa zuwa tsakiya. Shi ya sa kuma inda ake kira ƙasa yake nufin wajen tsakiyar duniya, ko'ina mutum yake. Igiyar da magini ke ɗaura wa ƙarfe a baki don ya ga ko bango ya miƙe, can take nunawa. Kishiyar Filinge a ɗaya gefen duniya tana cikin tekun Fasifik, tsakanin tsibiran Fiji da Samowa, kuma masuntan can suna tsaye daram a jiragensu, tafin ƙafarsu na fuskantar na mutanen Kurfey. Ja ne ke riƙe da iskar da ake shaƙa. Abin da zai kuɓuce wa duniya gaba ɗaya sai ya tashi da gudun kilomita 11.2 a sakan. Jan wata, da taimakon na rana, shi ke kumbura teku ya janye shi sau biyu a yini a gaɓar Kwatano da Legas, kuma kumburin ya fi yawa lokacin tsayuwar wata da daren sha huɗu, sa'ad da rana da wata da duniya suka jeru.

Taurarin ɗan'adam ma faɗuwa suke yi irin ta wata. Tashar binciken sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana nisan kilomita 400, inda jan duniya yake kusan kashi 90 cikin 100 na yadda yake a ƙasa. Mutanen cikinta na shawagi ne saboda su da tashar tare suke faɗuwa, suna kewaya duniya cikin minti 90 da ɗoriya. A nisan kilomita 35,786 kuwa, kewaye ɗaya yakan ɗauki yini guda cur, daidai da juyawar duniya, sai tauraron ya zama kamar a tsaye yake. Dalilin ke nan da ya sa farantin kama tashoshin talabijin a kan soro, da zarar an saita shi, ba a sake juya shi.

Aikinsa a ƙasar Kurfey

Fasalin ƙasar Kurfey kansa aikin ruwa ne da ƙarfin ja. Dallol Boso, wanda garin Filinge ke gefensa, tsohon kogi ne da ya taso daga yankin Azawak a arewa ya gangara kudu har ya haɗu da kogin Neja wajen Bumba, a zamanin da Sahara ke da ruwa. Kogin ya ƙafe, ya bar kwari mai faɗi cike da yashi, da tuddai masu jan dutse a gefe da gefe. Har yau ruwan damina na bin wannan gangare. Wani ya kwarara ta kwazazzabai ya taru a tafkuna, wani ya nutse cikin yashi har ya tarar da shimfiɗar da ba ta shan ruwa, ya kwanta. Shi ya sa a cikin kwarin ake samun ruwa a ƴan mitoci, a kan tudu kuwa sai an yi zurfi.

Duk mai jan ruwa da wannan ƙarfi yake kokawa. Ɗaga guga mai lita 20 daga zurfin mita 30 daidai yake da ɗaga buhu mai kilo 100 zuwa tsayin mita 6, kuma garke ɗaya na shan guga da yawa. Wannan ne ya sa makiyaya ke ɗaura igiya ga raƙumi ko sa ko jaki. A famfon gari kuwa an mayar da ja ɗan aiki. Inji na tura ruwa sama cikin shato, wato tankin da aka ɗaga sama, daga nan nauyin ruwan ne ke kai shi gidaje, kuma gwargwadon tsayin shaton, gwargwadon ƙarfin ruwa a bakin famfo. Gidan da ke kan tudu shi ke fara rasa ruwa idan tanki ya yi ƙasa.

Zaizayar ƙasa ma lissafinta ɗaya ne. Ruwan da gudunsa ya ninka biyu, ƙarfin ɓarnarsa ya ninka huɗu. Jerin duwatsun da manoma ke shimfiɗawa a gicciye, da ramukan tassa, da haƙan rabin wata a kan fako, duk manufarsu ita ce katse gudun ruwa tun bai yi ƙarfi ba, domin jan da zai kwashe shi ta gefe ya shigar da shi cikin ƙasa.

Ja ba ɗaya ba ne ko'ina

A 1672, Jean Richer ya kai agogo mai lilo daga Faris zuwa Kayen, kusa da layin da ya raba duniya biyu, ya tarar yana yin baya da kimanin minti biyu da rabi kowace rana. Ja ya fi rauni a can, saboda dalili biyu: juyawar duniya na rage wani abu daga nauyi, kuma duniya ta ɗan kumbura a tsakiya da kimanin kilomita 21, wanda ya ƙara nisa daga cibiyarta. A kan layin, adadin 9.78 ne, a ƙuryar arewa da ta kudu 9.83. Filinge, da ke digiri 14 da ɗan kai arewa da layin, tana da 9.783. Buhu mai kilo 100 zai nuna bambancin kusan rabin kilo tsakanin Filinge da ƙuryar arewa a kan sikeli mai waya, amma sikeli mai faranti biyu ba zai nuna komai ba, domin kaya da duwatsun awo tare suka canza.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa ma na da tasiri. Shimfiɗar ruwa mai kaurin mita ɗaya tana ƙara ja da kimanin kashi 4 cikin miliyan 100, kuma akwai na'urorin da ke iya gane hakan. Daga 2008, wani shirin bincike mai suna GHYRAF ya riƙa auna ja a ƙauyen Wankama, gabas da Yamai a cikin jihar Tilaberi, aka ga yana ƙaruwa bayan damina ya ragu da rani, gwargwadon ruwan da ƙasa ta ajiye. Tagwayen taurarin GRACE na Amurka da Jamus, waɗanda suka yi aiki daga 2002 zuwa 2017, sun yi irin wannan awo daga sama: suna bin juna da tazarar kilomita 220, kuma ɗan canjin tazarar ke nuna inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ƙaru ko ya ragu.

Bayanin Einstein

Newton ya faɗi yawan jan, amma bai faɗi yadda rana ke kama duniya ta cikin sarari wayam ba, kuma shi da kansa ya yarda da hakan. Akwai kuma ɗan saɓani tsakanin lissafinsa da tafiyar duniyar Makyuri, mafi kusa da rana. A 1915 Albert Einstein ya kawo sabon bayani. Ya faro daga abin da Galileo ya gano: tun da komai tare yake faɗuwa, ko ƙarfe ne ko auduga, to sirrin yana ga hanyar da ake bi, ba ga mai bin ta ba. A ganinsa, mas na lanƙwasa sarari da lokaci a kewayensa, kuma abin da aka saki yana bin hanya mafi miƙewa da ta samu a cikin wannan lanƙwasa.

Misalinsa shi ne matafiya biyu, ɗaya daga Filinge ɗaya daga Maraɗi, da tazarar sama da kilomita 400, kowa ya miƙe arewa sak bai karkata ba. Tazararsu za ta yi ta raguwa har su haɗu a ƙuryar arewa. Wanda bai san siffar duniya ba zai ce wani abu ne ke jan su ga juna, alhali lanƙwasar doron da suke takawa ce.

Bayanin ya warware matsalar Makyuri, ya kuma yi hasashen abubuwan da ba a taɓa gani ba. Ya ce haske ma zai lanƙwasa idan ya gifta kusa da rana. Ranar 29 ga Mayu 1919, lokacin husufin rana, Arthur Eddington ya ɗauki hotunan taurari daga tsibirin Firinsife da ke mashigin tekun Gini, wasu kuma suka ɗauka daga Sobral a Birazil, aka ga taurarin sun ɗan gusa daga mazauninsu. Ya ce lokaci ya fi tafiya a hankali inda ja ya fi ƙarfi. Agogon taurarin GPS, a nisan kilomita 20,200, yana gaba da na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na sakan kowace rana, kuma da ba a gyara wannan, taswirar wayar salula za ta riƙa kuskure da kusan kilomita 10 a yini. Ya ce kuma canjin ja yana tafiya da gudun haske, a matsayin kaɗawar sarari. Ranar 14 ga Satumba 2015, na'urorin LIGO a Amurka suka kama irin wannan kaɗawa daga haɗuwar baƙaƙen ramuka biyu, wato gawarwakin taurarin da jansu ya kai ko haske ba ya fita, a nisan da haske ke yi wa tafiyar shekara biliyan 1.3.

Abin da ya rage

Har yanzu masana ba su haɗa bayanin Einstein da ƙa'idojin da ke tafiyar da ƙwayar zarra ba, alhali sauran ƙarfi ukun sun shiga ƙarƙashinsu. Binciken Vera Rubin a shekarun 1970 ya nuna cewa taurarin da ke gefen manyan rukunai na gudu fiye da yadda jan abin da ake gani zai iya riƙe su, abin da ya sa akasarin masana ke ganin akwai wani mas mai yawa da ba ya fitar da haske. A 1998 kuma aka gano cewa faɗaɗar sararin samaniya ƙara sauri take yi, maimakon ja ya rage mata gudu. Ana ci gaba da bincike a kan duka ukun.

A aikace, dokokin biyu na tafiya tare. Lissafin Newton ya wadatar wajen gina shato da gada da madatsar ruwa, har da harba tauraron ɗan'adam, domin inda ja ba shi da tsanani, amsarsa da ta Einstein kusan ɗaya ce. Ana komawa ga lissafin Einstein idan ja ya yi tsanani ƙwarai, ko gudu ya kusanci na haske, ko kuma ana bukatar awon lokaci mai matuƙar daidaito.